Yadda ake auna iskar ɗakin kaji, da lokacin da ya fi dacewa a auna

Warin nan da ke sa ido yaji idan an shiga ɗakin kaji, sunansa ammoniya. Daga kashin kaji take fitowa, kuma tana ƙaruwa idan shimfiɗa ta samu danshi da ɗumi. Abin da ke cutar masu kiwo da yawa a ƙauyukan Kano da Jigawa shi ne hanci yana sabawa. Wanda yake shiga ɗakin safe da yamma, bayan 'yan makonni ba ya jin abin da baƙo zai ji tun daga bakin ƙofa. Don haka dole a auna.

Ana lissafin ammoniya da ppm, wato kashi nawa ne cikin miliyan. Ƙasa da 10 ake so. Idan ta kai 25 an zo iyaka, domin a nan ne 'yan siraran gashin da ke cikin maƙogwaron kaza, masu share ƙura da ƙwayoyin cuta, suke fara lalacewa. Sai tari da atishawa su shigo, ci ya ragu, a yi ta sayen magani ana zargin abinci. Daga 50 zuwa sama ido ne ke ƙonewa: za ka ga kaza ta runtse ido tana goga shi a fiffike, ta kasa gane mazubin abinci.

Mafi arha cikin kayan awo ita ce takardar gwaji mai sauya launi. A yagi guntu, a ɗiga masa ruwa mai tsabta, a riƙe shi a iska kamar daƙiƙa 15, a gwada launinsa da jadawalin da ke jikin kwalin. Akwai kuma siririyar kwalba mai aiki da famfon hannu: a karya bakinta biyu, a sa a famfo, a ja adadin jan da aka rubuta, a karanta inda launi ya tsaya. Ta fi takarda daidai, amma kowace kwalba sau ɗaya take aiki. Na'ura mai batir tana da sauƙi, sai dai kada a rataye ta a ɗakin dare da rana, ƙura da ammoniyar kanta suna gajiyar da ita har ta fara ba da lamba ƙasa da gaskiya. Duk waɗannan suna da ranar lalacewa, kuma zafin bazara yana gaggauta ta, a adana su a inuwa.

Inda aka fi kuskure shi ne wurin awo. Mutum ya tsaya a tsaye ya auna daidai ƙirjinsa, alhali kaza a ƙasa take numfashi, dab da inda iskar take fitowa. A tsuguna. Ga 'yan tsaki a riƙe abin awo kamar santimita 10 daga shimfiɗa, ga manya 25 zuwa 30. A auna wuri uku: tsakiyar ɗaki, gefen mazubin ruwa, da lungun da iska ba ta ratsawa. Lokacin kuwa, bayan sallar asuba ne, kafin a ɗaga labule, domin a lokacin ne iskar dare ta taru. Awon azahar bayan an buɗe ko'ina zai faranta maka rai kawai. A riƙa rubuta lamba da rana da wuri a littafi.

Hunturu ya fi kowane lokaci haɗari, musamman Disamba da Janairu. Ana toshe ɗaki da leda da buhu saboda sanyi, a kunna kurfoti don 'yan tsaki. Gawayi yana fitar da kabon monoksaid, iska ce marar wari marar launi, ana son ta ƙasa da ppm 10. A nemi na'urar auna ta mai nuna lamba, domin ƙararrawar gargaɗin wannan iska da ake sawa a gidaje ba ta kuka sai iskar ta wuce haka nesa. A hura gawayin a waje sai ya yi ja kafin a shigo da shi. A bar kafa kamar faɗin tafin hannu a saman labule ta ɓangaren kudu maso yamma, tunda iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Idan 'yan tsaki sun yi lamo, ko mai kula da su ya ji ciwon kai da jiri, a fita a buɗe ɗakin nan take. Don Allah kada a bar yaro ya kwana a ciki wai don gadi.

Zafin makon farko digiri 32 zuwa 35 ne a tsayin ɗan tsako, a rage kamar digiri 3 kowane mako. Danshin iska kuma tsakanin kashi 50 da 70 cikin ɗari. Ƙura, haska tocila da dare ka ga abin da ke yawo cikin hasken. Hanyar iska kuma, kunna tsinken turare ka bi hayaƙinsa. Inda ya tsaya cak, nan ne iska ta mutu.

Idan lambar ammoniya ta hau, a fara da shimfiɗa. Damƙi buntun shinkafar, irin wanda ake samu a injinan casa na Kura ko Haɗeja, ka matse a hannu. Idan ya ɗan haɗu sannan ya warwatse, lafiya. Idan ya dunƙule kamar fura, ya jiƙe. A kwashe wanda ya daskare gefen mazubin ruwa, a zuba sabo kauri santimita 5 zuwa 10, a ɗaga mazubin daidai tsayin gadon bayan kaza, a gyara mai yoyo. Kada a barbaɗa toka ko farar ƙasa kaji suna ciki. Suna busar da saman shimfiɗa, amma suna ƙara sakin ammoniya.

Takin da aka kwashe a tara shi nesa da ɗakin da rijiya, ta inda iska ba za ta dawo da warinsa ba, a rufe da tamfol. Ammoniyar da ke tashi daga tsibin ita ce sinadarin naitirojin da masara da albasa suke bukata, kuma taki da aka bari a buɗe cikin rana ƙarfinsa raguwa yake yi kafin ya isa gona.