Kurakuran da ke ɓata gasar haɗa littafi ta yara a makarantu

Gasar haɗa littafi a firamare abu ne mai daɗi wallahi, yaro ya ƙirƙiro labarinsa, ya zana hotuna, ya ɗinke, ya rubuta sunansa a bango. Amma sau tari in ka buɗe littafin da ya zo na ɗaya, shafi biyu kacal za ka gane ba hannun yaro ba ne, kuma mu manya mu ke jawo hakan.

Babban kuskure shi ne a ce wa yara su je gida su yi, su kawo nan da sati biyu. To me ake tsammani? Anti ce za ta rubuta, yaya ya zana, baba ya kai bizines santa a buga da kala har da laminatin, yanzu ma ga manhajojin waya da ke rubuta labari cikin minti ɗaya, ita kuma yarinyar da ta zauna da guntun fensirinta ta yi nata tsakani da Allah sai ta tashi a tutar babu, kuma baɗi ba za ta ƙara shiga ba. Don Allah a yi aikin a cikin aji. A ware darasi ɗaya ko biyu duk sati na wajen wata guda, malami ya tattara takardun in an tashi. Kayan aiki ma a raba iri ɗaya, farar takarda, fensir, kala, kwali na bango, allura da zare ko sitefula, don kada kuɗin uba ya zama shi ke cin gasa.

Sai tilasta Turanci. Ɗan aji uku da ke iya ba ka labari na rabin awa da Hausa sai a ce ya rubuta da harshen da bai gama kamawa ba, dole ya kwafo daga littafin karatu. A buɗe ƙofa ga Hausa, ɗan islamiyya da ajami ya fi zauna masa ma a bar shi ya yi da ajami, a nemo alƙalin da ya iya karantawa. Ai littattafan ƙagaggun labarai na farko na Hausar boko daga gasa suka fito, wadda Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933, to mene ne abin jin kunya? Kawai a koya musu ɓ da ɗ da ƙ tun farko, kada a jira ranar maki.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne malamai su ƙaƙaba jigo, kowa sai ya yi wa'azi kan illar shaye-shaye ko muhimmancin ilimi, sai ka ga littafi talatin duk bakinsu ɗaya. Ku bar yaro ya rubuta akuyarsu da ta ɓace ranar kasuwa ko ranar da ruwa ya shiga ɗakinsu. Mai son tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi shi ma ya yi, amma a rukuninta daban, kuma da bakinsa.

Ɓangaren haɗawa kuwa ana yawan mantawa cewa takardar A4 ɗaya in an ninke ta shafi 4 take bayarwa, shi ya sa littafin zai zo 8 ko 12 ko 16. A fara da takardar gwaji, a sa lambar shafi kafin rubutu, in ba haka ba ƙarshen labari zai faɗo tsakiya bayan an ɗinke. A bar fili kusa da ninki don kada zare ya cinye kalmomi. Tawadar alƙalamin maka tana ratsa takarda ta ɓata bayan shafi, fensir mai kala ya fi.

Alƙalanci ma sai an kula. Malamin aji bai kamata ya yanke wa ɗalibansa hukunci ba, a yi musaya da wata makaranta, a rufe sunaye a sa lamba. Kada a haɗa aji 1 da aji 6, a raba 1 zuwa 3 daban, 4 zuwa 6 daban, ƙananan da hannunsu bai nuna ba su zana su faɗa da baki, malami ya rubuta daidai yadda suka faɗa ba gyara ba ƙari. Maki mafi yawa ya tafi ga labari, ba kyan rubutu ko ƙyalƙyalin bango ba. Waɗanda suka kai zagayen ƙarshe su karanta a gaban alƙalai a yi musu tambaya biyu uku, nan take ake gane mai abu.

Lokaci kuma kada a manna shi da satin jarabawa. Ranar Littafi ta Duniya 23 ga Afrilu ce amma takan zo daf da hutu, Ranar Yara ta 27 ga Mayu ta fi sauƙi ga makarantun Najeriya.

Bayan biki fa? Sai a ba mutum uku kyauta a ɗauki hoto, littattafan a kulle a durowar hedimasta har gara ta cinye. Haba! Kowane yaro a ba shi takardar shaida, a yi fotokwafin littattafan a zuba a akwati a kusurwar aji, 'yan aji shida su riƙa karanta wa 'yan aji ɗaya, asalin kuma a mayar wa mai shi ya kai gida. In za a sa hotunan yaran a Facebook, a nemi izinin iyaye tukuna.