Ganye Ya Yi Rawaya: Kurakuran Masu Shuka Barkono Da Tumatir A Bokiti

A gidan haya irin namu na unguwar Aboabo a Kumasi, ƙasar Ghana, inda ɗakuna goma ke kallon tsakar gida ɗaya, babu mai filin noma. Wanda yake son ya tsinki attarugu da hannunsa sai ya nemi tsohon bokitin fenti ko buhun shinkafa, ya cika shi da ƙasa, ya ajiye a baranda ko bakin taga. Haka ake yi a Asawase da Sabon Zango da Tafo. Makonni uku na farko komai lafiya lau. Daga nan sai ganye ya fara sauya launi, hankalin mai shuka ya tashi, ya ƙara ruwa, ya ƙara taki, ya nemo magani ya fesa, duk a rana ɗaya. Yawancin shukokin da na ga sun mutu a gidanmu, wannan gaggawar ce ta kashe su.

Wata safiya maƙwabciyata, dattijuwa, ta kira ni. "Ɗana, zo ka duba mini, ciwo ya kama attarugun nan." Na tsuguna na ce, "Hajiya, daga wane ganye abin ya fara, na ƙasa ko na sama?" Ta ce, "Ai rawaya duk rawaya ce." A nan kuskuren yake, kuma kusan kowa da shi yake farawa.

Kafin mu zo kan launi, bari mu fara da ruwa, domin shi ne babban mai laifi. Saiwa tana numfashi. Idan ƙasar bokiti ta kasance jiƙe sharkaf dare da rana, iska ba ta samun wurin shiga, saiwa ta fara ruɓewa, ta kasa jan ruwan da take zaune a cikinsa. Sai ganye ya langaɓe kamar mai jin ƙishi, mai shuka ya gani ya ƙara masa ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Gwajin ba shi da wuya. Ka tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. Idan ka ji danshi, ka ajiye butar. Ka ɗaga bokitin ka duba gindinsa: in babu huda, ka ɗumama ƙusa a wuta ka yi masa ramuka shida ko takwas, sannan ka ɗora shi kan duwatsu ko bulo don ruwa ya samu hanyar fita. In kana shakka, ka tona gefe kaɗan ka ga saiwar. Mai lafiya fara ce, tana da ƙarfi. Wadda ta ruɓe takan yi ruwan ƙasa, ta yi laushi, tana wari.

Kumasi na da damina biyu, babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. A waɗannan watanni bokitin da ke ƙarƙashin bakin kwano yana shan ruwan rufi gaba ɗaya, ko da ba ka zuba masa komai ba. Na Hajiya a nan yake zaune. Akwai kuma akasin haka: da rana tsaka siminti yakan ɗauki zafi, ganye ya sunkuya, amma da la'asar ya miƙe da kansa. Wannan ba ya neman ruwa, katako yake so a ƙarƙashin bokitin ko inuwa kaɗan.

Idan ruwa ya daidaita amma rawaya tana nan, sai a koma tambayar da na yi wa Hajiya. Shuka tana iya kwashe wasu sinadarai daga tsohon ganye ta kai wa sabo, wasu kuma ba ta iya motsa su. Shi ya sa wurin da alamar ta fara yake faɗa maka abin da ya yi ƙaranci. Ganyen ƙasa ya yi rawaya gaba ɗayansa, har jijiyoyinsa, abin yana hawa sama a hankali, shukar kuma ta daina girma: wannan ƙarancin naitirojin ne, kuma shi aka fi gani a bokiti saboda ruwa yana wanke shi. Tsohon ganye ya yi rawaya a tsakanin jijiyoyi amma jijiyoyin suna nan kore: magniziyam ne, kuma ƙaramin cokali ɗaya na gishirin Epsom (wani farin gishiri mai magniziyam) a lita ɗaya ta ruwa yakan taimaka. Gefen tsohon ganye ya bushe kamar wuta ta lashe shi: a yi zargin fotasiyam, sai dai a tuna yawan taki ma yana kawo irin wannan ƙuna. Idan kuwa sabon ganyen da ke kan tsiro ne ya fito fari-fari da koren jijiyoyi, sinadarin ƙarfe ne bai isa gare shi ba.

Na ƙarshen nan yana da sarƙaƙiya, don sau da yawa ƙarfen yana cikin ƙasar, shukar ce ta kasa ɗaukarsa. Barkono da tumatir suna son ƙasa mai ɗan tsami-tsami, wajen 6 zuwa 6.8 a ma'aunin pH. Mu kuma a zango muna da al'adar juye tokar gawayi a gindin shuka. Toka kaɗan tana da amfani, akwai fotasiyam a cikinta. Amma a fili ne take bajewa. A bokiti mai lita 20 taruwa take yi, ta kashe tsamin ƙasar, ta kulle ƙarfen. Wanda ya ga haka ya daina zuba toka, ya kwashe ƙasar sama, ya mayar da ruɓaɓɓen taki.

Abu biyu nake roƙon sabon mai shuka ya riƙe. Ganyen da ya riga ya yi rawaya ko ya ƙone yawanci ba ya komawa kore, don haka sabon tsiro ake kallo a gane ko gyara ya yi aiki. Sannan a canza abu ɗaya kawai, a jira mako guda zuwa kwana goma. Kuma ganye ɗaya ko biyu na can ƙasa da suka tsufa suka faɗi a shukar da ke girma lafiya ba ciwo ba ne.

Takin zamani ya ƙona shuka da yawa a hannun masu kyakkyawar niyya. Mutum ya samo NPK 15-15-15 ko yuriya daga ɗan'uwansa manomi, ya ɗebi tafin hannu ya zuba a jikin kara. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, ƙarfinta ya fi gaban a yi mata awon ido. Bayan kwana biyu ko uku bakin ganye ya ƙone, ganyen ya yi kore mai duhu ya lanƙwashe ƙasa, wani lokaci farin ɓawo ya fito a saman ƙasar. Ga bokiti babba, ƙaramin cokali ɗaya na NPK duk bayan mako biyu zuwa uku ya wadatar, a binne shi can gefen bokiti nesa da kara, a bi da ruwa. In an riga an zarce, a kwarara ruwa mai tsabta da yawa har ya riƙa fita ta ƙasa, a bar shukar ta huta. Ɗanyen kashin kaji ma haka yake ƙonawa, sai ya kwanta wata biyu ko uku ya ruɓe ya daina zafi. Ruwan wanki mai garin sabulu kuwa a kai shi kwata, gishirin da ke cikinsa yana taruwa a bokiti.

Sai kuskuren da ya fi ba ni takaici, saboda gyaransa kyauta ne: mutane ba sa juya ganye. Ƙwarin da suka fi ɓarna a bayan ganye suke zama. Ka girgiza shukar, in wasu ƙananan farare suka tashi kamar gari, farin ƙuda ne. In ka ga tururuwa suna hawa suna sauka, ganye yana danƙo, baƙin abu kamar kunkunniya ya rufe shi, darɓa ce, tururuwan zaƙin da ƙwarin ke fitarwa suke bi. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ta bushe, ganye kan cika da ɗige-ɗigen rawaya ƙanana tare da siririyar yana: ƙananan gizo-gizo ne da ido ke gani da ƙyar. Ka kaɗa ganyen a kan farar takarda, za ka ga ɗigo suna tafiya. A tumatir kuma akwai tsutsar da ke shiga cikin naman ganye ta ci, ta bar farin tabo kamar leda. Tuta absoluta ke nan, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016, kuma ta iso Ghana. A bokiti biyu ko uku, tsinke ganyen da ta shiga ka murƙushe ya fi kowane feshi.

Ga sauran, darbejiya tana ko'ina. A daka 'ya'yanta busassu kimanin giram 50, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a narka ɗan guntun sabulu, a fesa da yamma har bayan ganye, a maimaita bayan mako. A fara gwadawa a ganye biyu. Maganin da ake ɗurawa a kwalba marar takarda ana sayarwa a bakin hanya, ina roƙo kada a shigo da shi tsakar gidan da yara ke rarrafe, a kan abin da gobe zai shiga miya. Wanda ya sayi na kanti ya karanta kwanakin da aka ce a jira kafin a tsinka, ya cika su.

Akwai ciwon da ba shi da magani, kuma faɗar haka ga mai shuka ba daɗi. Idan sabbin ganyen tumatir suka fito ƙanana, suka naɗe sama kamar cokali da rawaya a gefe, shukar ta tsugune ta daina ba da fure, cutar bairas ce da farin ƙuda ke ɗaukowa. Taki ba zai tashe ta ba. A tuge ta, a ƙulle a leda, a fitar, don a ceci na kusa. Haka in shuka ta yi yaushi farat ɗaya alhali ganyenta kore ne kuma ƙasa na da danshi: a yanke karan kusa da gindi, a rataya bakin a kofin gilashi mai ruwa. In bayan mintuna kaɗan wani farin zare kamar madara ya fara sauka, bakteriya ce. Wannan ƙasar kada a sake shuka tumatir ko barkono ko gauta a cikinta, dangi ɗaya ne, ciwo ɗaya ke kama su.

Haske kuma, a taƙaice: tumatir da barkono suna son rana ta kai musu awa shida. A cikin ɗaki sukan yi tsawo, su sirance, su koɗe, suna karkata wajen taga. Kada a fitar da su rana tsaka lokaci guda, ganyen zai yi farin tabo ya bushe. A fara da ranar safe awa ɗaya ko biyu, a riƙa ƙarawa har mako. In barandarka ba ta samun rana sosai, na'a-na'a da ɗoɗɗoya sun fi haƙuri da inuwa.

Attarugun Hajiya huda muka yi wa bokitinsa, muka janye shi daga bakin kwano, muka ɗora kan bulo biyu, muka hana shi ruwa kwana huɗu. Ban bari an sa masa taki ba sai da ya yi mako biyu. Tsofaffin ganyen sun zube, kamar yadda na gaya mata za su yi. A mako na uku ta turo jikanta ya kira ni, ta nuna mini kan tsiron da ɗan yatsa ta ce, "Ɗana, duba, ya fito da fure."