Yadda ake gina kinki a kwamfuta, a sa shi karo, ba tare da sakamakon bogi ba

Ɗalibin digiri na biyu da ya ɗauki soliton, wato dunƙulen igiya da ke tafiya ba ta watsewa, a matsayin batun kundinsa yakan faɗa karatun monofol ɗin 't Hooft da Polyakov na 1974, ko D-biren na nazariyyar zare, ya ci wata shida bai fitar da lamba ko ɗaya da hannunsa ba. Ba ta nan ake shiga ba. Da kinkin φ⁴ ake farawa, soliton ɗin da ke zaune a kan layi ɗaya tak: a gina shi, a tura shi da gudu, a haɗa shi karo da kishiyarsa. Tsohuwar laftof irin wadda ake saye na hannu a Sabon Gari ta isa, muddin akwai Python da NumPy a cikinta.

Filin shi ne φ(x,t), tudun makamashinsa kuma V = ½(1 − φ²)², mai kwari biyu, ɗaya a φ = −1 ɗaya a φ = +1. Ikweshan motsi, inda ƙananan haruffan t da x ke nuna sauyi bisa lokaci da wuri: φ_tt = φ_xx + 2φ(1 − φ²). Kinki shi ne φ = tanh(x), wanda ya taso daga kwarin hagu ya sauka a na dama; kishiyarsa kuma −tanh(x) ce. Ka murɗa rawani sau ɗaya ka kafe bakinsa biyu da ƙusa: murɗar tana tafiya hagu ko dama in ka tura ta, amma ba ta fita sai an cire ƙusa. Lambar tofoloji N = [φ(+∞) − φ(−∞)]/2 ita ke ƙirga wannan murɗa, 1 ga kinki, −1 ga kishiyarsa.

Ka kula da ma'auni tun yanzu. Wasu littattafai da V = ¼(1 − φ²)² suke aiki, a can kinki tanh(x/√2) ne, makamashinsa kusan 0.943. Wanda ya ɗauko V daga wannan littafi, ya ɗauko kinki daga wancan, zai yi mako yana zargin kod ɗinsa alhali kod ba shi da laifi. Ka zaɓi ɗaya, ka rubuta shi a bangon littafin aikinka. Duk lambobin da ke ƙasa na ½ ne.

Mataki na farko a takarda yake. Dabarar Bogomolny ta 1976 tana rage ikweshan zuwa φ_x = 1 − φ², daga nan makamashin kinki ya fito 4/3 cif. Wannan 1.3333 ita ce sandar awonka.

Na biyu, ka sa kwamfuta ta nemo kinkin da kanta. Yi raga daga x = −20 zuwa +20, tazarar ɗigo dx = 0.05, ɗigo 801 ke nan. Kafe bakin hagu a −1, na dama a +1. Fara da siffar da ba daidai ba, misali tanh(x/3), ka bar ta ta gangaro bisa φ_τ = φ_xx + 2φ(1 − φ²). Takun τ, wato lokacin gangarowar, bai kamata ya kai dx²/2 ba, wato 0.00125. Sa 0.001. In ka haura, layin zai fara fitar da haƙora kamar zarto, ba da jimawa ba allo ya cika da NaN, alamar lissafi ya lalace. Taku 20,000 ya wadatar. Auna makamashi, in bai zo daf da 1.3333 ba, kada ka matsa gaba.

Kafin ka bar wannan raga, gina matiris na −d²/dx² + 4 − 6sech²(x) ka ba eigh, umarnin NumPy mai fitar da lambobin eigen na matiris. Ƙananan lambobin da za su fito: ɗaya daf da sifili, wadda ke nuna kinki yana iya matsawa kyauta, ɗaya daf da 3, sauran daga 4 zuwa sama. Ta 3 ɗin nan ita ce rawar cikin kinki, faɗinsa yana buɗewa yana tsukewa da ω = √3, kusan 1.732. Riƙe ta, ita ce za ta bayyana duk abin mamakin da ke gaba.

Mataki na uku shi ne tura kinki, kuma a nan ne mafi yawan aiki ke lalacewa shiru, hoto ya fito kyakkyawa alhali ƙarya ne.

Kada ka yi amfani da takun Euler wajen lokaci na gaske. Ya yi aiki a gangarowa, amma a nan makamashi zai riƙa hawa har filin ya tarwatse. Tsarin tsallen kwaɗo ake amfani da shi: sabo = 2·yanzu − tsoho + dt²·[φ_xx + 2φ(1 − φ²)]. Dole dt ya gaza dx; da dx = 0.05, sa dt = 0.01 ka huta. Matsalar ita ce tsarin yana buƙatar hoto biyu kafin ya fara, na t = 0 da na t = −dt. Masu koyo sukan kwafi na farko su sa a matsayin na biyu. Ma'anar hakan gudu sifili ne, komai v ɗin da ka rubuta a sama. Kinkin zai tsaya wuri ɗaya yana ɗan karkarwa, ɗalibi kuma ya koma yana ƙara v. Abin yi shi ne ka lissafa hotuna biyun daga amsa ta gaskiya, φ = tanh[γ(x − vt)], da γ = 1/√(1 − v²), sau ɗaya da t = 0, sau ɗaya da t = −dt.

γ ɗin ma kada ka jefar da shi don v ƙarami ne. A v = 0.2 bai wuce 1.0206 ba, bambancin kashi biyu cikin ɗari, sai mutum ya ce ai ba komai. Kinkin da aka tura da faɗin da ba nasa ba yana tafiya ne da rawar √3 a jikinsa tun daga gida, rawar da ya kamata a ce karo ne ya haifar da ita. Kamar ka auna hatsi ne da tiyar da akwai saura a gindinta.

Akwai kuma tarkon Python kansa. In ka rubuta tsoho = yanzu sannan ka sauya abin da ke cikin yanzu a wurinsa, sunaye biyu ne a kan jeri ɗaya, tsohon ma ya sauya. Sa .copy(), ko ka riƙa ƙirƙirar sabon jeri a kowane taku. Zagayen for a kan ɗigo-ɗigo kuma haramun ne. Yanka jeri irin na NumPy ake yi, in ba haka ba aikin mintuna zai koma na awanni.

Gwajin da ke raba gardama: kinki ɗaya, v = 0.2, har t = 100. Tsakiyarsa, inda φ ya ratsa sifili, ta matsa 20. Makamashinsa ya tsaya a γ·4/3, wato 1.3608, kada ya yi yawo fiye da ɗaya cikin dubu. In ka ga yana rage gudu yana barin ƙananan igiyoyi a bayansa, ragarka ce ta yi faɗi. Faɗin kinki kusan 1 ne, don haka a dx = 0.5 yana jin kowane ɗigo kamar tayar keke a kan titin da ruwa ya cinye, har ya iya maƙalewa. Rage dx da rabi ka sake. Sakamakon da ya sauya don an rage dx ba na fiziks ba ne, na raga ne.

Sai karo. Kinki a x = −10, kishiyarsa a x = +10, suna fuskantar juna: φ = tanh[γ(x + 10 − vt)] − tanh[γ(x − 10 + vt)] − 1. Wannan −1 na ƙarshe shi ake mantawa. Ba shi, bakin raga zai zauna a φ = 0, kan tudu, filin gaba ɗaya ya gangaro. Duba da idonka: hagu −1, tsakiya +1, dama −1. Jimillar makamashi a v = 0.2 ita ce 2.7217.

Faɗaɗa raga zuwa ±200, ɗigo 8001. Dalili: karo yana fesa igiyoyi, su bugi bango su dawo su dagula wurin. Ba sa wuce gudun 1, karon kuma wajen t = 50 yake faruwa, don haka ba su dawo tsakiya kafin t = 450; in ka tsaya a t = 300 ka tsira. Kada ka adana φ a kowane taku: 8001 sau 30,000 sau bayit 8 ya kusa gigabayit 2, laftof za ta sandare. φ(0,t) kaɗai kake buƙata, sai hoton fili duka bayan kowane taku 100. Mai son ragi ya lissafa rabin raga kawai, tunda hagu madubin dama ne.

Yanzu bi v daga 0.18 zuwa 0.27 da tazarar 0.0005, gudu 181. Kowane v ya ƙare, rubuta sakamakonsa a fayil nan take. Duk wanda ya zauna a Samaru ya san wuta ba ta sallama kafin ta tafi, kuma kod ɗin ya riƙa duba fayil ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ga abin da ya kamata ka gani. Sama da v kusan 0.26, sukan bugi juna sau ɗaya su rabu da gudun da bai kai na zuwa ba. Ƙasa da haka galibi sukan maƙale, φ(0,t) ya yi ta lilo a gefen −1 yana zubar da makamashi a hankali. Amma a tsakanin akwai tagogi, wato ƙananan tazarar v, mafi faɗinsu wajen v = 0.2, inda sukan bugi juna sau biyu sannan su kuɓuce. Campbell da Schonfeld da Wingate suka yi bayanin wannan a 1983: bugun farko yana zuba makamashin gudu cikin rawar √3, in na biyu ya zo a kan gaɓa sai rawar ta mayar da bashin. Auna lokacin da ke tsakanin bugu biyun a kowace taga, ka zana shi a kan lambar tagar. Layi miƙaƙƙe zai fito, hawansa kusan 2π/√3, wato 3.6. Tagogin suna ƙara tsukewa yayin da ake kusantar 0.26, shi ya sa γ da dx na ɗazu ba abin wasa ba ne. Don ƙarin tabbaci, sauya V zuwa 1 − cos φ na sine-Gordon, kinki 4arctan(eˣ), makamashi 8. A can sukan ratsa juna su wuce ba taga ba igiya. In kod ɗinka ya nuna taga, kod ɗin ne.

Daga nan kada ka ce za ka ƙara y da z kawai. Derrick ya nuna a 1964 cewa irin wannan fili shi kaɗai ba ya riƙe soliton tsayayye a sarari mai fuska uku, dunƙulen tsukewa yake yi. Ko a ƙara sharaɗi mai sauyi huɗu kamar yadda Skyrme ya yi a 1961, ko a haɗa da filin maganaɗisu kamar guguwar (vortex) Nielsen da Olesen ta 1973, wadda su da kansu suka danganta da zare. Mai son nazariyyar zare kai tsaye ya nemi aikin Ashoke Sen na ƙarshen shekarun 1990, inda kinkin takiyon a kan D-biren marar tsayuwa yake zama D-biren mai ƙarancin fuska ɗaya. Guguwar ce aikin da ya fi dacewa ya biyo baya: ikweshan biyu ne a kan r, gangarowar mataki na biyu tana warware su, sai dai ka fara raga daga r = dx, domin akwai 1/r a ciki.