Kurakuran da masu motar gudu ke tafkawa kafin su shiga filin tsere a Saudiyya

Idan matashinmu na Jidda ko Riyad ya tara 'yan riyalolinsa ya shiga Haraj, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, neman motar gudu, tambayar da ke fara fita daga bakinsa ita ce, "Doki nawa ce?" Tun daga nan an hau hanyar kuskure. Motar da za ka je aiki da ita ranar Lahadi, ka kuma shiga filin tsere da ita a ƙarshen mako, ba a auna ta da ƙarfin inji kaɗai. A ƙasar nan abin da ke durƙusar da mota a fili zafi ne: zafin birki, zafin taya, zafin baƙin mai, da wanda ke gasa direban kansa.

Ɗauki Dodge Challenger Hellcat, wadda samari ke mutuwar so. Dokinta ya haura 700, amma nauyinta ya kusa tan biyu. A miƙaƙƙen layi ba a magana. Sai dai fili duk kwana ne, kuma a bakin kowace kwana birki ne ke shanye gudun nan ya mayar da shi zafi. In ka ninka gudu sau biyu, zafin da birki zai sha ya ninku sau huɗu, nauyi kuma yana ƙara nasa a kai. Shi ya sa za ka ga mai babbar mota ya yi 'yan zagaye ya fito yana jiran birki ya huce, mai Toyota GR86 kuwa yana ciki yana ta koyon abinsa. GR86 da tagwaininta Subaru BRZ inji mai lita 2.4 gare su, doki wajen 230, nauyi bai kai kilo 1,300 ba. Mazda MX-5 ta fi su sauƙi, kaɗan ta ɗara tan ɗaya, sai dai da yake buɗaɗɗiya ce, wasu masu shirya ranar fili kan nemi a sa mata ƙarfen kariya a bayan kujeru. Mai iyali da ke buƙatar ƙofa huɗu, ga Honda Civic Type R. Wanda Allah ya hore wa, Porsche 718 Cayman GT4 mai doki 420 da 911 GT3 mai doki 510 tun daga masana'anta aka ƙera su don wannan aikin, da manyan birki da hanyoyin shigar iska. Duk da haka, ni a ganina mai farawa ya nemi mara nauyi ko da yana da kuɗin Porsche. Tayoyinta sun fi araha, kuskurenka yana faruwa a gudun da za ka iya gyarawa, kuma tana gaya maka abin da take ciki kafin ta kufce.

Kuskuren da ya fi kowanne hatsari shi ne na man birki, domin ba a ganinsa. Hirar da za ka ji a warsha, wato garejin gyaran mota, cikin Sana'iyya, unguwar masu gyara, ba ta wuce haka:

"Yaro, yaushe rabonka da canza man birki?"

"Kawu, ai birkin yana kamawa lafiya."

"Yana kamawa a danja. A fili fa?"

Gaskiyar dattijon ce. Man birki yana tsotsar damshin iska a hankali, kuma wanda ke zaune a Jidda ko Dammam ya san irin damshin da ake sha a bakin teku. Mafi ƙarancin zafin da sabon man birki mai lambar DOT 4 ke jurewa kafin ya tafasa digiri 230 ne, amma in ya sha ruwa sai ma'aunin ya sauko zuwa 155. DOT 3 ma ƙasa yake, 205 yana sabo, 140 in ya tsufa. Da ya tafasa sai kumfa ta cika bututun, kumfa kuma matsuwa take yi. Ka taho a guje, ka ga allon mita 100 kafin kwana, ka taka birki, sai ƙafarka ta lume har ƙasa motar ba ta rage komai ba. Maganin ba tsada: a zubar da tsohon gaba ɗaya, a zuba sabo daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. Na tsere irin su Motul RBF 600 ko Castrol SRF suna haura digiri 300. Kada a ruɗe ka da lamba ka sayi DOT 5 don ka ga ya fi 4 girma. Shi da silikon aka yi shi, ba ya gauraya da sauran. DOT 5.1 ne ɗan gidansu.

Takalman birki kuma, kada ka shiga da waɗanda suka cinye fiye da rabi. Siririn takalmi ya fi saurin miƙa zafi ga man, kuma abin da gari ke ci a wata shida fili kan iya cinye shi a yini. Ka koyi bambance alamu biyu. In birki ya yi laushi a ƙafa, man ne ya tafasa. In yana da tauri amma motar ba ta tsayawa, ga wani wari mai hawa kai, takalman ne suka wuce zafinsu. Ko wanne ka ji, ka sassauta nan take.

Akwai kuma kuskuren fitowa. Mutum ya gama gudu, ya shigo wurin ajiye motoci kai tsaye, ya ja birkin hannu, ya kashe inji. Faifan birkin nan da ya yi shuɗi-shuɗi don zafi sai takalmi ya manne masa a wuri guda, gobe sitiyari ya riƙa karkarwa duk lokacin da aka taka. Zagayen ƙarshe na hucewa ne: a tafi a hankali, a bar iska ta yi aikinta. In ka tsaya, kada ka ja birkin hannu. Ka buɗe murfin inji, ka bar shi ya ɗan yi aiki, musamman mai turbo, sannan ka kashe ka bar motar a giya.

Sai taya. Da yawa suna duba zanenta su ga da saura, su ce lafiya lau. Rana a nan tana busar da roba tun zanen bai cinye ba. Durƙusa ka duba gefen tayar, bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Tayar da ta shekara huɗu ko biyar tana shan ranar Najd, yankin da Riyad take, ga 'yan tsage-tsage a gefenta, ba ta fili ba ce ko da zanenta sabo fil. Iskar ma ba wadda mai banshar, wato mai facin taya, ya sa maka za ka dogara da ita ba. Taya in ta ɗau zafi iskarta kan hau da psi 5 zuwa 8 a ma'aunin iska, sai ta kumbura ta daina kama ƙasa sosai. Ka sayi ma'aunin iska naka, ka auna da zarar ka fito tana da zafi, ka rage kaɗan-kaɗan. Ka sa a ɗaure notocin taya da abin ɗauri mai ma'auni, ba da bindigar iska ba.

Baƙin mai ya kasance sabo kuma a cike har layin sama, domin a doguwar kwana yakan taru gefe ɗaya famfo ya tsotsi iska. In ma'auninsa ya doshi digiri 130, ka ɗaga ƙafa. Lagireton da ƙura ta toshe a wanke shi. Fetur kuma 95 za ka sha, ba 91 ba, in littafin motar ya ce haka, kuma kusan duk irin waɗannan motocin haka suke cewa.

Wani wurin da ake kwana ciki shi ne takardu. Inshorar mota ta yau da kullum, har wadda ake kira shamil, galibi ta cire tsere da gwajin gudu daga abin da take biya. In ka daki shinge a filin tsere na Dirab da ke kusa da Riyad, kada ka sa ran kiran Najm, kamfanin da ke duba hatsari don inshora, zai fisshe ka. Karanta takardarka kafin ranar, ka kuma tanadi lambar mai satha, wato motar ɗaukar mota. Masu garajen canza salansa da taɓa kwamfutar inji tun ba su taɓa shiga fili ba, sun saya wa kansu matsala biyu: garanti ya tafi, ga fahas (binciken lafiyar mota) da murur ('yan sandan hanya) na jiransu, alhali kuɗin ya isa man birki da taya masu kyau. Wanda kuma zai tsallaka gadar Sarki Fahad mai tsawon kilomita 25 zuwa filin Sakhir na Bahrain, inda ake buɗe wa motocin gida fili a wasu ranaku, ya tuna cewa mai iƙama, wato takardar zaman ƙasa, na buƙatar bizar fita da dawowa, motar da ke hannun banki kuma sai da takardar izininsa.

Saura direba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sabon shiga da ke kashe na'urar hana santsi tun zagayen farko, wai don kada a raina shi. Ka bar ta a kunne. In fitilarta na yawan ƙiftawa, tana nuna maka inda hannunka ko ƙafarka suka yi gaggawa ne. Ka matso da kujera yadda wuyan hannunka zai hau saman sitiyari kafaɗarka na jingine. Ka gama birki kafin ka karya kwana, idonka na inda za ka, ba kan hancin mota ba. In akwai mai koyarwa, ka biya shi ya zauna gefenka. Babu wani kayan gyara da zai rage maka lokaci kamar wannan. Bayanin safe da ake yi kan tutoci ba na cika sharaɗi ba ne: rawaya a sassauta ba wuce wani, ja an tsayar da komai, shuɗiya akwai wanda ya fi ka sauri a baya, ka ba shi hanya ba tare da jin kunya ba.

Kafin ka shiga, ka kwashe komai daga cikin motar: shimfiɗar ƙafa, gorar ruwan da ke iya gangarawa ƙarƙashin birki, carbin da ke lilo a madubi, har dardumar salla da ke bayan kujera. Jallabiya da silifa a ajiye su, a sa wando da rufaffen takalmi mai siririn ƙasa. Hular kwano kuwa ka tambayi masu fili irin wadda suke karɓa, don da yawa kan nemi mai tambarin Snell ko FIA, hukumomin da ke tantance ingancinta.

Lokaci ma zaɓarsa ake yi. A Yuli da Agusta zafin Riyad na wuce digiri 40 kusan kullum, kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba. Daga Nuwamba zuwa Maris ne mota da mutum ke samun sarari, in kuma bazara ce a nemi zaman dare. Ka sha ruwa bayan kowane fitowa. Mai azumi don Allah kada ya gwada da rana. Ƙishirwa na rage saurin tunani tun kafin ka ji ta a maƙogwaro.

In an tashi, ka mayar wa tayoyi iskarsu ta gari bayan sun huce, ka leƙa kaurin takalman birki da fitilar waya. Ka kula da ƙafarka a hanyar gida, domin bayan yini a fili gudun 120 sai ya riƙa yi maka kamar 60, kyamarorin Sahir masu kama gudun wuce kima kuma suna nan. Wanda jininsa bai sauka ba har ya ce zai ƙarasa da tafhiɗ, wato wasan zamiya da mota, a unguwa, tararsa riyal 20,000 ce karon farko tare da riƙe motar kwana 15, karo na biyu 40,000, na uku 60,000, kuma a nan kotu na iya ƙwace motar baki ɗaya.