Yadda Ake Gano Tushen Danshi a Gindin Bango da Ƙarƙashin Daɓen Gida

A gidajen katako da yawa na Amurka ana barin ɗan sarari tsakanin ƙasa da daɓen ɗaki, wanda mutum zai iya shiga da rarrafe ya duba ko ruwa ya kwanta. Ginin bulo na garuruwanmu ba haka yake ba, domin ana cike cikin harsashi da jar ƙasa ne a zuba kankare a kai. Saboda haka maigida ba ya sanin abin da ke faruwa a ƙasa sai fenti ya fara ɓarewa, filasta ta fara zuba, warin fumfuna ya kama tufafi. Kafin a kira birkila, wajibi ne a gano ta inda ruwan yake shigowa.

Matakin farko shi ne a dubi siffar tabon da kyau. Danshin da ke hawa daga ƙasa yakan faro daga gindin bango ya tsaya a wajen mita 1 ko ƙasa da haka, ya bar wani farin gari mai kama da kanwa, wanda gishirin ƙasa ne da ruwa ya ɗauko ya bari bayan ya bushe. Idan kuwa tabon daga sama ya gangaro, ko kuma a kusurwa ɗaya kawai yake, to a fi zargin rufi ko bututu.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne muhimmanci, shi ne a zagaya gidan ana tsakiyar ruwan sama, musamman a watan Agusta lokacin da ƙasa ta ƙoshi. A lura da inda ruwan kwano ko na indararo yake sauka, da inda yake nufa bayan ya sauka. Lissafin ba shi da wuya: ruwan sama na milimita 20 a kan rufi mai faɗin murabba'in mita 100 ya kai lita 2,000, kuma idan duk wannan yana zuba a gindin bango, harsashi ne zai shanye shi. Ya kamata ƙasar da ke kewaye da gini ta yi gangare zuwa waje, aƙalla santimita 15 a cikin mita 3 na farko. Sau da yawa ba mai ginin ne ya yi kuskure ba. Maƙwabci ne ya yi ciko ya ɗaga filinsa, ko an ɗaga titi, ko shara ta toshe kwata, sai gidan ya koma kwari.

Na uku, a binciki ruwan cikin gida. A rufe dukkan famfuna da dare, a yi alama a kan iyakar ruwan tanki, a duba da asuba. Idan ya ragu, akwai bututun da ke yoyo. Danshin da ba ya ja da baya har cikin rani yawanci daga nan yake, ko daga sokawe da aka haƙa dab da bango.

Na huɗu shi ne gwajin leda. A yanko leda mai kauri, kamar rabin mita kowane gefe, a shimfiɗa a kan daɓen siminti, a liƙe gefunanta duka da salatif, a bar ta kwana ɗaya ko biyu. Idan raɓa ta taru a ƙarƙashinta, ruwan daga ƙasa yake fitowa. Idan a samanta ne, ɗakin ne ba ya samun iska.

Daga nan sai a nemi sanin ko an yi wa ginin di-pi-si, wato shimfiɗar da ke hana ruwa hawa bango, wadda ya kamata ta ɗara ƙasar waje da aƙalla santimita 15. Akan sami gidan da aka yi masa ita daidai, amma daga baya aka zuba ciko ko aka yi dakali har ya rufe ta, ruwa ya samu hanyar tsallakewa. A irin wannan hali, kwashe cikon kaɗai yakan wadatar.

Abin da ba na goyon baya shi ne gaggawar manna tayil a gindin bango, domin ruwan da aka hana fita ta nan zai ƙara hawa ne ya ɓullo a saman tayil ɗin. Bayan an toshe hanyar ruwan, a kankare ruɓaɓɓiyar filastar har a wuce iyakar tabon, a janye kabad da katifa daga jikin bango, a buɗe tagogi, a bar iskar hunturu ta busar da bulon na tsawon watanni, sannan a yi sabuwar filasta da fenti kafin damina ta dawo.