Rimot da risiba sun ƙi jituwa: kurakuran da masu ƙananan jiragen sama suka fi yi

Mutum ya sayi rimot, ya yi odar risiba, wato na'urar da ke cikin jirgi tana karɓar umarnin rimot, daban, aka kwashe makonni kafin kaya su iso, ya jona batir, fitilar risiba sai ƙiftawa take yi, jirgi ko motsi. Abu na farko da zai faɗa shi ne an sayar masa da jabu. Galibi kuwa kayan lafiyarsu ƙalau, yarensu ne ba ɗaya ba.

Babban kuskure shi ne ɗauka cewa duk abin da aka rubuta wa 2.4 GHz zai yi aiki da ɗan'uwansa. A zamanin kiristal, ɗan abin da ake cusa wa rimot da risiba don zaɓar tasha, lokacin da ake tuƙa jirage a 72 MHz a Amurka da 35 MHz a Turai, akwai ƙamshin gaskiya a wannan tunani, don sau da yawa in tasha ta zo ɗaya sai a dace ko da kamfani ya bambanta. Yanzu lambar 2.4 kasuwa ce kawai da kowa ke ci, kowane kamfani da yaren da yake ciniki da shi. Spektrum na da DSM2 da DSMX. Futaba na da FASST da S-FHSS da T-FHSS. FlySky na da AFHDS da AFHDS 2A da AFHDS 3. FrSky na da ACCST da ACCESS. Risibar FlySky ba za ta taɓa jin rimot ɗin Spektrum ba, ko ka kwana kana danna maɓalli. Gyaran ba wuya: kafin ka biya kuɗi, nemo sunan yaren a jikin rimot ɗinka ko a takardarsa, ka tabbata shi ne a jikin risibar.

Daga nan sai masu cewa ai kamfani ɗaya ne. Nan ma ana shan ƙasa. Rimot ɗin Futaba mai S-FHSS kaɗai ba ya ɗaukar risibar FASST. FlySky FS-i6, wanda sabbin shiga suka fi saya saboda araha, yana jin AFHDS da AFHDS 2A, amma sai ka shiga saiti ka zaɓi wanda ya dace da risibarka, kuma ba ruwansa da AFHDS 3. FrSky kuwa shi ya fi kowa ba mutane ciwon kai, a ganina. Risiba ɗaya tak tana iya ɗauke da manhajar Turai, wadda ake kira LBT, ko ta Amurka, wadda ake kira FCC, kuma waɗannan biyu ba sa ga maciji. Sannan ACCST D16 ɗin kansa ya rabu gida biyu, tsohon zubi da zubi na 2 da ya biyo baya, su ma ba sa ƙulluwa, wato rimot da risiba ba sa gane juna. Maganin shi ne a sabunta manhajar rimot da ta risiba su zama zubi ɗaya, yanki ɗaya. Wanda ya sayi kwance ya fi kowa buƙatar duba wannan.

Yaren ExpressLRS, wanda ake taƙaitawa ELRS, ya rage wahala, tunda kowane kamfani na iya ƙera shi, risibar wannan ta yi aiki da rimot ɗin wancan. Amma akwai na 2.4 GHz akwai na 900 MHz, kuma lambar farko ta manhaja dole ta zo ɗaya: mai 2 ba ya magana da mai 3. Kalmar ƙullawa ma, wadda ake sa wa rimot da risiba iri ɗaya don su gane juna, harafi ɗaya ya sauya, shi ke nan. A kula kuma, RadioMaster TX16S iri biyu ake sayarwa, mai ELRS da mai 4-in-1 da ke jin yarukan kamfanoni da yawa. Na biyun ba ya jin ELRS sai an ƙara masa akwatin da ake maƙalawa a bayansa.

Wani lokaci yare ya zo ɗaya, ƙullawar ce aka yi ba daidai ba. Kada ka manna rimot a jikin risiba, ƙarfin sigina kan toshe mata kunne. Ja da baya kamar mita biyu. Ka kuma tabbata wuta na isa gare ta, don ba kowace ESC, wato na'urar da ke sarrafa gudun injin, ce ke ba da wutar 5V ba.

An ƙulla, fitila ta tsaya cak, sai murna. To a nan ne ake jin ciwo. Jerin tashoshi, wato ramukan da ake jona wayoyi a jikin risiba, ya bambanta: a Spektrum totur ne tasha ta 1, a Futaba da FlySky kuwa tasha ta 3. Ka jona wayoyi bisa sabo, ka taɓa sandar juyi, sai injin ya tashi a kan tebur. Shi ya sa ake cire farfela kafin kowane gwaji, ba a jayayya a kan wannan. Haka nan a duba irin fitar da risiba ke da ita: jirgi mai fukafukai da ba shi da allon sarrafawa yana son ramukan PWM, kowane sarbo, wato ɗan injin da ke motsa sassan fiffike da wutsiya, da nasa, ƙaramar risibar da ke fitar da SBUS ko CRSF kawai, wato duk tashoshi a haɗe ba kowa da raminsa ba, ba za ta yi masa ba sai da ƙarin na'ura.

Saura abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, wato gaya wa risiba abin da za ta yi in sigina ya yanke. Saita totur ya koma sifili, sannan ka gwada: farfela a cire, jirgi a kunne, ka kashe rimot ka ga ko injin ya tsaya. In ya ci gaba da juyawa, kada ka je fili. In risibar mai eriya biyu ce, a buɗe su su yi kusurwa, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, nesa da batir da duk wani ƙarfe, sannan a sa rimot a yanayin gwajin nisa a taka kamar taku talatin ana motsa sanduna.