Hawainiyarka ta sauko ƙasa ta rufe ido? Ga kurakuran da aka fi yi a kwanakinta na ƙarshe

Daga Garwa zuwa Marwa har Kuseri a arewacin Kamaru da Njamena ta Chadi ba'a rasa yara, wani lokacin ma manya, da suke kamo hawainiya a kan darbejiya ko mangwaro su saka a keji suna kiwo. Wadda muka fi gani a wannan yanki ita ce masana ke kira Chamaeleo africanus, dabba ce mai ɓoye ciwo sosai saboda a daji duk wadda ta nuna rauni shaho ko maciji ne zai fara da ita, shi yasa ranar da ka lura bata da lafiya to ciwon ya daɗe yana cinta. Kuma abin da ke damuna shine yawancin abin da muke mata a lokacin don tausayi muke yi, amma wahala muke ƙara mata.

Na farko dai mutane suna ganin ta rufe ido da rana sai suce barci take. Hawainiya mai lafiya bata barcin rana, idonta a buɗe yake yana juyawa ɗaya nan ɗaya can tun safe har magariba. In ta rufe ido da rana, ko idon ya faɗa ciki, ko ta bar reshe ta sauko ƙasan keji ta zauna, ko launinta yayi duhu ya ƙi washewa, ko tana buɗe baki tana ɗaga kai sama da kumfa a bakin, to ba hutu bane. Ka duba kashinta ma, akwai wani farin abu da ke fita tare da shi, in fari ne tas to ruwa ya isheta, in ya koma rawaya ko ruwan lemo jikinta ya bushe.

Maganar ruwa ce ta fi kashe su a nan, musamman da hunturu da iska ke busar da komai. Sai kaga an aje mata ruwa a murfin kwalba ana cewa ai ga ruwa nan ta ƙi sha. Ba ƙi tayi ba, ita bata san ruwan da ke kwance a matsayin abin sha ba, raɓa da ɗigon ruwan sama take lasa a kan ganye. Gyaran mai sauƙi ne, ka saka mata reshe mai ɗanyen ganye ka riƙa fesa ruwa a kan ganyen safe da yamma, ka samu gorar roba ka huda gindinta da allura ka ɗora a saman kejin ta riƙa ɗiga a hankali. In ta yi raunin da bata iya lasa, ka ɗiga ɗigo ɗaya a kan ƙarshen bakinta ka jira, in ta haɗiye ka ƙara. Amma dan Allah kar ka ɓangare mata baki ka tura sirinji ka matsa, ƙofar numfashinta a ƙasan baki take kusa da gindin harshe, ruwan zai wuce huhu ne kai tsaye. Haka ma ɗura abinci. Dabbar da ta kusa tafiya cikinta baya narkar da komai, in ka nuna mata ƙaramar fara ta kau da kai to ka ƙyaleta.

Sai yawan ɗauka. Wannan kam kowa yana yi, a ɗorata a hannu ana shafawa, yara su kewayeta, a ɗauki hoto a tura WhatsApp. Hawainiya ba kyanwa bace, a wurinta hannun mutum abin tsoro ne ko da shekara nawa kuka yi tare, kuma in ka fizgeta daga reshe faratanta na iya karyewa. Ka maida kejin wuri mai shiru, ka rufe gefe biyu da zane, ka sauko da rassan ƙasa ƙasa saboda riƙonta yayi rauni tana iya faɗowa, ka shimfiɗa tsumma mai laushi a ƙasa. Kaji da kyanwa kar su kusanci wurin, ganinsu kaɗai yana tada mata hankali.

Rana kuma ta ɓangare biyu ake kuskure. Wasu suna kulleta a ɗaki wata da watanni, ko bayan gilashin taga, alhali gilashi yana tare irin hasken ranar da jikinta ke buƙata ya haɗa bitamin D3, in babu shi kalsiyam baya shiga ƙashi, sai kaga ƙafafu sun lanƙwashe, muƙamuƙi yayi laushi, harshen da take harbawa ya daina kaiwa ga ƙwaro. Wasu kuma da sun ga ta yi sanyi sai su fitar da ita tsakar gida a cikin bokitin roba ko gwangwani, a watan Maris ko Afrilu da zafin Garwa ke wuce digiri 40, wallahi cikin ɗan lokaci zata mutu a ciki. Ranar safe take so, kuma rabin kejin ya zama inuwa yadda ita da kanta zata zaɓi inda zata tsaya. Da daren hunturu a shigo da ita ciki amma nesa da garwashi da hayaƙi, kuma ba ɗakin da aka kunna maganin sauro ko aka fesa ba.

Wannan ya kawo ni kan abinci. Fara da gyare da kyankyaso duk tana ci, amma daga ina aka kamo su? Farar da aka kamo a bakin gonar auduga da aka yiwa feshi, ko kyankyason da ya ji maganin ƙwari yana tangaɗi yara suka tsinto, guba ce kake bata da hannunka. A kamo daga wurin da ba'a feshi. In matsalar ƙashi ce kuma har yanzu tana ci, ka dafa ɓawon ƙwai ka shanya ka daka yayi laushi sosai ka barbaɗa kaɗan a jikin ƙwaron, ƙashin da ya riga ya lanƙwashe ba zai miƙe ba amma ciwon na iya tsayawa.

Akwai wadda ake ɗauka tana mutuwa alhali ƙwai ne ya matseta, wannan yana min ciwo don ana iya cetonta. In mace ce cikinta ya kumbura, ta daina ci, tana yawo a ƙasan keji tana tono, to wurin saka ƙwai take nema, kuma tana iya ɗauke da ƙwai gommai a ciki. Ka cika bokiti da yashi mai danshi zurfin kamar santimita 30, danshin da in ka haƙa rami ba zai rufta ba, ka saka mata ka rufe da zane ka tafi abinka. Kar a leƙa. In ta ga ana kallonta sai ta bar ramin, ƙwan ya maƙale ya kasheta.

Magani kuwa, ku bar farasitamol da kafso da maganin tsutsar awaki, dabbar da a giram ake auna nauyinta ɗan ɓallin ƙwaya ma ya mata yawa. Gaskiya ne likitocin dabbobinmu shanu da tumaki da kaji suka fi sani, amma duk da haka suna iya duba kashinta a madubin likita su ga ko tsutsa ce, wadda aka kamo daga daji kusan bata rabuwa da tsutsar ciki. Wanda ke kusa da Gaundare akwai makarantar likitan dabbobi a jami'ar can, a Garwa kuma akwai makarantar namun daji da aka buɗe tun 1970, tambaya a irin waɗannan wuraren ta fi shawarar mai kemis.

In ta tabbata tafiya zata yi, abu biyu nake roƙo kar ayi. Kar a kaita daji a yar wai a bata 'yanci, wadda bata iya hawa bishiya tururuwa ne zasu cinyeta da ranta, sakin da ke da amfani shine tun tana da ƙarfi kuma a wurin da aka kamota. Kuma kar a sakata a firiza wai ta mutu cikin sauƙi, likitocin dabbobi sun hana wannan, azaba ce. In wahalar tayi yawa likita yana da allurar da zai mata, in babu hali a barta a wuri mai ɗumi da shiru ana ɗan jiƙa mata baki. Kar kuma ayi gaggawar binnewa, irin waɗannan dabbobin numfashinsu na iya raguwa har ka rantse sun mutu musamman da sanyi, ka jira awanni sai jikin ya sandare. Sannan a haƙa rami mai zurfi yadda kare ba zai tono ba, a wanke kejin da jabel wato bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, kowa ya wanke hannu da sabulu don kashinsu na ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zawo.

Abin da ke biyo baya shi ba'a cika magana a kai ba. Mutum ransa a ɓace amma yana jin kunyar faɗa, don ya san za'a ce a kan hawainiya? wasu ma suce dama me ya kai ka kiwon wannan abu. Yaro kuma in yayi kuka sai a daka masa tsawa ko a masa ƙarya ace ta gudu, sai ya kwana biyu yana nemanta a bishiyoyin unguwa. Ni dai ban ga dalilin haka ba. A cikin Buhari da Muslim da Abu Dawuda akwai labarin ƙanin Anas ɗan Malik, Abu Umair, yaro ne da yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, tsuntsun ya mutu, Manzon Allah (SAW) ya ganshi cikin damuwa ya tsaya ya kira shi da alkunyarsa ya tambaye shi labarin tsuntsun. Bai ce masa ai tsuntsu ne kawai ba. To ku gaya wa yaro gaskiya, ta mutu, ku barshi ya taya haƙa ramin, in yana so yayi ta bada labarinta ku saurara.

Kai babba kuma in zuciya tana ce maka kai ka kasheta, ka sani hawainiya dama 'yan shekaru kaɗan take yi a duniya, wadda aka kamo babba kuma ba wanda ya san shekarunta, wataƙila da tsufanta ta zo hannunka. In ka gane akwai inda aka gaza, ruwa ne ko rana, ka nemi gafarar Allah ka riƙe abin da ka koya. Kar dai washegari a tura yara su kamo wata don a share hawaye, kejin da ya kashe ta farko zai kashe ta biyu in ba'a gyara komai ba. Ni a ganina ma in akwai darbejiya ko mangwaro a gidan, ku daina feshi a kusa da ita ku hana yara jifa, da damina sau da yawa da kansu suke zuwa, yaro ya kalleta daga ƙasa ba sai an kama ba.